Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Firij Sanyi, da Yadda Ake Gyara Shi

Da zarar bazara ta kankama a Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana na haura digiri 40, kuma ƙorafin da ake ji daga Mabera har Runjin Sambo iri ɗaya ne: firij na ƙugi dare da rana amma ruwa ya ƙi sanyi, zoɓon sayarwa ya yi tsami, fiya wata ta kwana ba ta daskare ba. Tun kafin a duba, kowa ya riga ya yanke hukunci cewa gas ya ƙare. A kira mai gyara, ya zo da kwalbarsa ɗaure a bayan mashin, ya ɗura, a sallame shi. Bayan 'yan makonni a koma gidan jiya.

Gas ɗin firij ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. Zagayawa yake yi a cikin bututun da aka liƙe ta kowace fuska, kuma akwai firij ɗin da zai tsufa ya mutu da gas ɗin da ya baro kamfani da shi. In ya ragu, akwai inda yake zurarewa. A garin nan abubuwan da suka fi hana firij sanyi su ne raunin wuta, zafin ɗaki da ƙura, kuma duk kana iya gano su da kanka. Bi matakan nan a jere, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Kada ka yarda a taɓa gas sai ka gama da waɗanda ke gabansa.

Tanadi sukundireba, tocila, tsohon buroshin fenti da mitar gwada wuta. Duk lokacin da za ka sa hannu a bayan firij, zare filogi daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin ana samun gidan da aka haɗa wayoyinsa a juye, makunni a kashe amma wuta na nan.

Mataki na 1: Saurara, sannan ka taɓa

Leƙa bayan firij daga ƙasa, za ka ga wata baƙar tukunyar ƙarfe. Shi ne kwamfaresa, wasu su ce injin. Aikinsa ya matse gas ya tura shi cikin baƙar ragar bututu da ke bayan firij, inda gas ɗin ke zubar da zafinsa ya koma ruwa-ruwa. Daga nan ya ratsa wani ɗan gwangwanin jan ƙarfe da ake kira diraya, ya bi wani siririn bututu mai suna kafilari, ya faɗa farantin ciki inda ƙanƙara ke kamawa. A can yake kwashe zafin abinci ya koma wa kwamfaresa da shi. Wato firij zafi yake kwasowa daga ciki ya zubar a waje. Riƙe wannan, don rabin matsalolin da ke ƙasa daga nan suka samo asali.

Jona firij, buɗe ƙofa, ka kasa kunne.

Idan ƙwan ciki bai kama ba kuma babu motsin komai, wuta ce ba ta shiga. Gwada soket da cajar waya, duba fis ɗin cikin filogi, ka bi wayar da ido har inda ta shiga, don ɓera na son bayan firij. Idan ƙwai ya kama amma injin shiru, je mataki na 4. Idan injin ya yi ƙugi na 'yan daƙiƙu, ka ji ƙas, ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya maimaita, mataki na 2 da na 6 ne naka. Idan yana aiki ba hutawa, ragar baya da zafi, sanyin ne dai bai kai ba, duba na 3, na 4 da na 5. Sai in ya yi rabin awa yana aiki ka zare filogi ka taɓa ragar ka ji ta ba ɗumi ko kaɗan, sannan maganar gas ta taso.

Firij na zamani da yawa ba su da raga a baya. An ɓoye ta a cikin bangon hagu da dama, shi ya sa gefensu ke zafi. Wannan zafin alamar lafiya ce.

Mataki na 2: Gwada ƙarfin wuta

An ƙera firij ɗinmu don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Da almuru, lokacin da kowane gida ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, taransifomar unguwa kan yi nauyi, wuta ta sauka ƙasa sosai. Talabijin da cajar waya ba su damu ba, shi ya sa za ka ji ana cewa ai akwai wuta. Kwamfaresa ba haka yake ba. A daidai lokacin da zai tashi yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya riga ya kama gudu. In wutar ta yi rauni sai ya kasa juyawa, ya yi zafi, wani ɗan maɓalli mai kare shi da ake kira obalod ya yanke masa wuta. Wannan yankewar ce ƙas ɗin da kake ji.

Sa mita a soket ɗin da firij ke jone, ko na kusa da shi, ka zuba ido daidai lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi. In ka ga lamba ta faɗi ƙasa da 190 ko wajen haka, zare firij ɗin. Barinsa yana ƙas-ƙas tsawon dare shi ne ke ƙona kwamfaresa. Maganin shi ne sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce na firij ɗin da nisa, kuma ka kunna masa maɓallin jinkiri. Jinkirin nan na da amfani: in NEPA ta ɗauke ta dawo nan take, gas na nan a matse, injin ba zai iya tura shi ba. Yana buƙatar kamar minti 5 kafin matsin ya daidaita. Haka ma in za ka sauya daga janareta zuwa NEPA, ba shi wannan hutun.

Duba wayar da ta kawo wutar. Siririyar wayar ja-ni-can da aka jona mata firiza da fanka da dutsen guga tana cinye wuta tun a hanya. Taɓa ta, in ta yi ɗumi, sauya ta da mai kauri ko ka matsar da firij kusa da soket na bango. Ƙaramin janareta ma haka: in firij zai tashi ka ji janaretan ya yi nishi, ƙwai ya dushe, to ya yi masa kaɗan.

Mataki na 3: Zafin ɗaki da ƙura

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi a banza, don haka bari mu ɗan tsaya.

Nemi takardar da ke manne a bayan firij ko a bangon ciki kusa da aljihun kayan miya. A jikinta akwai haruffan da ke nuna iyakar zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure. SN yana nufin digiri 10 zuwa 32. N, 16 zuwa 32. ST, 16 zuwa 38. T, 16 zuwa 43. Firij ɗan Kwatano da yawa, waɗanda suka gama aiki a Turai aka kawo mana, SN ne ko N. Ka ɗauki irin wannan ka sa shi a shagon kwano ba silin a watan Afrilu, zafin cikin shagon ya wuce 40, ka ga ai an ɗora masa abin da ba a yi shi dominsa ba. Zai yi ta aiki ba hutawa, ya ba da ɗan sanyi da asuba, da azahar ya koma ɗumi. Babu abin da ya lalace a jikinsa, kuma ƙara masa gas sai dai ya daɗa masa nauyi. In za ka sayi firij a Sakkwato, sabo ne ko na hannu, nemi mai T kafin ka tambayi launi.

Wanda ya riga ya saya fa? Rage masa zafin da ke kewaye da shi. Janye shi daga bango aƙalla faɗin tafin hannu ta baya da gefe biyu. Raba shi da taga mai rana, da murhu, da bangon yamma da ke shan rana tun la'asar. Yaye masa rigar yadin da uwargida ta ɗinka masa don kwalliya, musamman in mai zubar da zafi ta gefe ne; rigar nan kaɗai ta isa ta hana shi sanyi. Sannan ka ajiye ƙaramar fanka tana hura bayansa. Masu sayar da ƙanƙara sun daɗe da sanin wannan dabara, kuma tana aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan kwamfaresa ko yayyafa masa ruwa, don wayoyin wuta na nan a jikinsa, ga kuma tsatsa.

Sai ƙura. Hunturu kan bar wa ragar baya wani bargon ƙura da yanar gizo-gizo, kuma ana gama hunturu zafi ke shigowa, daidai lokacin da ragar ta fi buƙatar iska. Zare filogi, ka share ta da buroshi daga sama zuwa ƙasa a hankali kada ka lanƙwasa bututu. Manyan firij masu ƙofa biyu sukan ɓoye ragar a ƙasa kusa da injin tare da 'yar fanka. Kwance murfin baya ka share, ka juya fankar da yatsa ka ji ko ta cije, sannan ka jona ka ga ko tana juyawa tare da injin. In ba ta juyawa, sauya ta. Ba ta da tsada in aka kwatanta da kwamfaresan da rashinta zai ƙona.

Mataki na 4: Ƙofa, lodi da tamostat

Ɗauki takardar naira ka datse ta da ƙofar firij, ka ja. In ka ji roba ta riƙe ta, wurin lafiya. In ta zame salin-alin, iska na shiga ta nan. Zagaya ƙofar duka da wannan gwaji, musamman kusurwoyin ƙasa. Wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, don sau da yawa danƙon lemo ne ya hana ta kamawa. Inda ta lotsa, dafa mata tsumma mai ruwan zafi ka ja ta waje da yatsa har ta miƙe. Wadda ta tsage ko ta bushe ta yi tauri, sai sabuwa. Ɗan ɗaga ƙafafun gaba yadda ƙofa za ta riƙa komawa da kanta.

Game da lodi, ga lissafi ga masu sana'ar ruwan sanyi, musamman da azumi. Jaka ɗaya ta fiya wata, ƙwaya 20, lita 10 ce, wato kilo 10. A takardar jikin firiza an rubuta kilo nawa take iya daskararwa cikin awa 24, kuma firizar gida yawanci tsakanin kilo 10 ne zuwa 25. Wanda ya zuba jaka 10 da suka sha rana, wuta kuma ta zo na awa huɗu, bai kamata ya zargi firiza ba. Zuba kaɗan-kaɗan, ka bar wasu daskararru a ƙasa su taimaka wa sababbi, abinci mai zafi kuma a bari ya huce tukuna.

Tamostat shi ne maɓallin lambobi da ake murɗawa. A mafi yawan firij, babbar lamba ita ce sanyi mai yawa, sifili kuma kashewa ne, kuma yara na son wasa da shi. Murɗa shi daga sifili zuwa sama ka saurari ɗan ƙas. In injin bai tashi ba, zare filogi, cire wayoyi biyun da ke jikinsa, ka gwada shi da mita a wurin da ke yin ƙara in hanya a buɗe take. Firij da ɗumi, ya kamata mita ta yi ƙara. In shiru, ya mutu, a sayi irinsa. Wasu masu gyara kan haɗe wayoyin su tafi, su ce ai ya tashi. Hakan gwaji ne na ɗan lokaci. In aka bar shi haka injin ba zai ƙara hutawa ba.

Mataki na 5: Ƙanƙarar da ta yi yawa

Ƙanƙara in ta yi kauri a jikin faranti, tare sanyi take yi. Da ta wuce rabin santimita, a narkar da ita. Kwashe kaya zuwa kula ko firizar maƙwabta, nama da kifi su fara fita. Zare filogi, buɗe ƙofa, ka ajiye roba da ruwan zafi a ciki, kana sauyawa.

Kada a sa wuƙa. Farantin nan alminiyom ne mai laushi, kuma hanyoyin gas a cikinsa suke, su ne jijiyoyin da kake gani sun ɗan kumburo. Tsinin wuƙa ya ɗan zame sau ɗaya, sai ka ji fsss, ɗan farin hayaƙi ya fito, shi ke nan gas ya tafi. In hakan ta riga ta faru, zare filogi nan take, buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana, kuma kada a sake jonawa. Injin zai zuƙi ruwan ƙanƙara ta hujin zuwa cikin bututu, ƙaramin gyara ya zama babba.

Firij marar tara ƙanƙara a fili nasa salon daban ne. Farantinsa na ɓoye bayan wani murfi a cikin firiza, fanka ce ke hura sanyi zuwa ƙasa, kuma akwai hita da ke narkar da ƙanƙarar farantin sau biyu zuwa huɗu a yini. Alamar matsalarsa sananniya ce: sama na sanyi, ƙasa ɗumi. Danna maɓallin ƙofa da yatsa ka saurara ko fanka na juyawa, ka sa hannu a ramin da iska ke fitowa, ka tabbata ba a toshe shi da tukunya ba. In fanka lafiya, kashe firij ɗin ka bar ƙofofi buɗe awa 24, sannan ka jona. Ya dawo daidai amma bayan 'yan kwanaki ya koma? To hitar ce ta mutu, ko ɗan tamostat ɗinta, ko agogon da ke kunna ta, ko allon lantarki. Ƙanƙara ce ke toshe hanyar iska, gas bai da laifi.

Mataki na 6: Rile da kwamfaresa

Wuta ta cika amma ƙas-ƙas bai daina ba. Zare filogi, ka bari injin ya huce. A gefensa akwai baƙin murfin roba da ƙugiya ta riƙe, ɓalle shi da sukundireba. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka cire komai. Za ka ga ƙusoshi uku sun fito daga jikin injin, da rile, wato ɗan abin da ke taimaka wa injin tashi, da obalod a soke a kansu. Zaro rilen ka girgiza shi kusa da kunne. Irin wanda aka fi samu yanzu, wani ɗan faifai ne a cikinsa kamar kwabo. In ka ji kacau-kacau, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga baƙi-baƙi a bakinsa, faifan ya farfashe. Kai shi shagon kayan firij a ba ka mai lamba iri ɗaya, ka haɗa da sabon obalod. In akwai kafasita, wani ɗan gwangwani mai tara wuta, duba ko ta kumbura. Kada ka taɓa ƙafafunta da hannu don tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Kafin ka soka sabon, gwada injin kansa. Mayar da mita wurin alamar Ω, ka auna tsakanin ƙusoshin biyu-biyu, sau uku. Za ka sami lambobi uku, kuma biyu ƙanana in ka haɗa su ya kamata su ba ka babbar, misali 15 da 20 su ba da 35. In wani awon bai nuna komai ba, waya ta tsinke a ciki. Sannan ka auna tsakanin kowace ƙusa da bututun jan ƙarfe na jikin injin. Nan bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna, injin ya ƙone yana zubar da wuta a jiki, kuma irinsa ne ke jan mutum in ya taɓa ƙofa. Kada a sake jona shi. In awo duk daidai, rile sabo, wuta cikakkiya, amma ya ƙi tashi, ya cije ne daga ciki.

Firij mai injin inbata, wato injin da ke ƙara gudu da ragewa da kansa, bai shiga wannan lissafi ba. Ba shi da rile, allon lantarki ne ke tuƙa shi, awonsa uku daidai suke fitowa, kuma ba a jona masa wutar soket kai tsaye. Wannan sai wanda ya san allo.

Mataki na 7: Gas, da abin da za ka nema wurin mai gyara

Alamunsa: injin na gudu ba tsayawa, raga ba ɗumi ko ɗumin ya tsaya a samanta kaɗai, ƙanƙara ta kama kusurwa ɗaya ta faranti sauran a bushe, wani lokaci da maiƙo a mahaɗar bututu. Toshewar diraya ko kafilari, da injin da ya gaji ba ya matsawa, duk suna ba da alamu masu kama da waɗannan, sai an sa geji, wato ma'aunin matsin gas, ake bambancewa. Daga nan aikin ya bar hannunka, amma ka tsaya a kansa.

Mai faci ba ya ba taya iska sai ya nemo inda ƙusa ta shiga. Haka za ka riƙe mai gyaran firij. Ce masa, “Malam, kafin ka ɗura, gwada mini inda yake zuba.” Ƙwararre zai matsa iskar naitirojin a bututun, ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa har kumfa ta taso, ya yi walda a wurin. Daga nan ya sa sabuwar diraya, don tsohuwar ta riga ta sha danshi. Ya zuƙe iskar ciki da injin bakyum, sannan ya ɗura gas. Wanda ya tsallake zuƙewar, danshin da ya bari zai daskare a bakin kafilari, firij ya riƙa sanyi yana ɗaukewa.

Karanta masa takardar jikin firij ɗin. An rubuta irin gas da nauyinsa da giram. Tsofaffi sosai R12 ne, wanda aka daina yi a duniya bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Na tsakiya R134a, sababbi kuma yawanci R600a. Ba a musanya su, domin kowanne da irin injin da aka ƙera masa, kuma man R134a daban yake. R600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, don haka ba a kusantar da wutar walda sai an fitar da shi sarai a fili mai iska. Kuma kaɗan ake sa shi, sau da yawa bai kai giram 100 ba, shi ya sa ɗurawa da kintace ke wuce gona da iri. A sa kwalba a sikeli.

In an ɗauki firij zuwa shago, a ɗauke shi a tsaye cikin a-kori-kura. Da ya dawo, bar shi tsaye awa huɗu kafin a jona, in kuwa an kwantar da shi a hanya, ya kwana, don man injin ya koma mazauninsa. Jona shi ba kaya, ka sa kofin ruwa a tsakiya da ma'aunin zafi a ciki. Washegari ya kamata ka ga digiri 3 zuwa 5, firiza kuma ta doshi 18 ƙasa da sifili, injin na aiki yana hutawa. Leƙa baya: in ƙanƙara ta biyo bututu mai kauri har jikin injin, gas ya yi yawa, a rage. Ku yi da shi tun farko cewa cikon kuɗinsa sai firij ya kwana ya wuni yana sanyi.

Akwai hujin da ba ya ganuwa, wanda ke cikin bututun da aka binne a soson bango. Geji na nuna iska na raguwa, kumfa kuma ba ta taso ko'ina a waje ba. A firiza ana iya naɗa sabon bututun jan ƙarfe daga ciki, kuma masu sana'ar ƙanƙara na yin haka su ci gaba da aiki. A tsohon firij mai SN ko N kuwa, musamman in injin ma ya fara gajiya, haɗa kuɗin bututu da gas da aikin hannu ka kwatanta da farashin wani mai T kafin ka ce a fara.